Baba yana ta ramewa: mu yanke masa tuwo da sukari ko mu bar shi?

Baban Ilham, Agege: Assalamu alaikum. Mahaifinmu na fama da kansar tumbi, an fara masa kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin kansa. Daga kilo 68 ya dawo 57, damatsansa duk sun zube, agogonsa har gwiwar hannu yake sulluɓewa. Yayanmu ya turo bidiyo daga Kano wai da sukari kansa take rayuwa, a hana shi tuwo, shinkafa, burodi har da kunu, a kashe ta da yunwa. Likita kuma ta ce a ba shi abin da ransa ke so. Gobe zan yi cefane. Wanda ya taɓa irin wannan jinya ya taimaka.

Alhaji Mai Albasa: Allah ya ba shi lafiya. A haɗa masa zogale da habbatus sauda da zuma.

Maman Walid: Baban Ilham, don Allah kada ku yi. Maigidana haka aka yi masa. Wani mai magani ya karɓi N350,000, ya ce ba shinkafa, ba nama, ba madara, sai ruwan ganye da kokwamba. Mutum yana jin ƙanshin miyar maƙwabta yana kallona, 'yan uwansa sun kafa sun tsare. Da ya rasu, su ɗin dai suka ce ni na bar shi da yunwa. A zaman makoki wata ƙanwarsa ta faɗa min a gaban mutane. Na bar su da Allah.

Hajiya Idi-Araba: Innalillahi. Ki yi haƙuri 'yata, dangin miji sai addu'a.

Auwal Ɗalibi: Maganar yayanku tana da tushe, amma rabinta ya ɗauko. Tun shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya gano ƙwayoyin kansa na zuƙar sukari fiye da kima, su mayar da shi sinadarin laktet. Hanta kuma sai ta kashe ƙarfi ninki uku na wanda aka samu kafin ta sake mayar da laktet ɗin sukari. Shi ya sa mara lafiya yana kwance amma jikinsa na ƙona abinci. In kun hana shi tuwo, jiki zai narka tsokarsa ya haɗa sukarin. Ita kansar ba za ta rasa ba, Baba ne zai rasa.

Alhaji Mai Albasa: Yaro, ka gama makarantar tukuna. Ka taɓa jinyar ko kaza?

Sista Bilki: Alhaji, gaskiya ya faɗa. Ni nas ce. Mai kansa da ya zubar da sama da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ba da niyya ba, mun san ramar cutar ce, Baba kuwa ya wuce kashi 15. Abinci kaɗai ba ya mayar da tsokar gaba ɗaya, saboda kumburin da cutar ke tayarwa a jiki yana kashe sha'awar ci, amma rashinsa ya fi muni, don rauni na iya sa a ɗage kemo. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa: ƙwai, kifi, alala, kunun gyaɗa da madara. Ku nemi ganin likitan abinci a asibitinku, ku kuma gaya musu in yana amai ko yana da ciwon suga.

Sani Mai Shayi, Obalende: Alhamdulillah da Sista ta zo. Ana fara maganar hana sukari gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na haɗa tebur na koma Sakkwato.

Baban Ilham: Sista, madarar gwangwani ta masu jinya fa? N18,000 aka ce min.

Maman Walid: Ina? N26,000 na saya, kuma ba ta yin sati.

Ɗan Mile 12: An cuce ku duka. A Idumota ba ta kai haka ba.

Sista Bilki: A dai duba kwanan wata da lambar NAFDAC. Ba dole ba ce in yana iya cin abinci.

Hajiya Idi-Araba: Ni maganar Maman Walid na fi kamawa. Wadda ta kwana a bakin gado ta fi mai karatu sani.

Auwal Ɗalibi: Hajiya, ai bakinmu ɗaya da ita.

Ɗan Mile 12: Abin da ke ci min rai shi ne 'yan uwa na gida. Su turo bidiyo, su turo lambar mai magani, amma ko kuɗin kiret ɗin ƙwai ba za ka gani ba. Lokacin jinyar innata ni ke fita da asuba in sha cunkoson Oshodi, yamma ta yi a kira ni ana tambayar me ya sa ba a kai ta Masar ba.

Maman Walid: Kai naka ma kira suke yi. Nawa da zuwa suka yi, mutum biyar a ɗaki ɗaya da falo, kullum ni ce a murhu.

Sani Mai Shayi: Wai kiret nawa ne yanzu a wajenku? Mai kawo min ya sake ƙarawa jiya.