Hawan jinin ido: me kuke gani a wurin aiki?

Baban Sadiƙ, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu aikin ido da na kemis da ke cikinmu, ku taimaka da bayani kan hawan jinin ido, wato gilakoma. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kusan mutum 5 cikin 100 masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da shi, akasarinsu ba su sani ba. Ina ake samun tangarɗa?

Maman Ilham, ma'aikaciyar ido: Wa'alaikumus salam. Ana ɗaukarsa yanar ido ce, a ce bari ta nuna a cire. Ita yana ana cirewa gani ya dawo. Shi kuwa jijiyar ido yake ci, abin da ya ci ya tafi ke nan. Daga gefe yake farawa, galibi ba ciwo ba ja. Sai ka ga dattijo yana karanta Alƙur'ani sarai, amma yana karo da ƙyaure, ko mai babur ya gifta bai gan shi ba. Sunan ma na ruɗar mutane: awon jinin hannu ya fito lafiya ba ya nufin ido lafiya. Awon ido daban ne, 10 zuwa 21 shi ne daidai, kuma dole a haɗa da duba jijiya da gwajin faɗin gani, don wasu jijiyarsu na lalacewa alhali awon yana daidai.

Malam na Sabuwar Unguwa, mai harhaɗa magani: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari: maganin ɗigawa mai dexamethasone da ake saya don jan ido ko ƙaiƙayi, in aka yi makonni ana ɗiga wa yaro, yana iya ɗaga awon. Timolol kuma, maganin ɗigawa na hawan jinin ido, haɗari ne ga mai asma, a faɗa wa likita tun farko.

Maman Ilham: Wajen ɗigawa ake yawan kuskure. Ɗigo ɗaya ya isa. A ja fatar ƙasa, a ɗiga, a rufe ido, a danne kusurwar da ke jikin hanci na minti 2. In magani biyu ne, a bar minti 5 a tsakani. Latanoprost, wani maganin ɗigawa na hawan jinin ido, sau ɗaya ne da dare, zafi na ɓata shi. Wanda ba a buɗe ba firji yake so, in ba wuta a sa shi a leda kusa da randa. Abin da ya fi ci min rai, kwalba na ƙarewa a daina, wai ba a ga canji ba. Ba ya ƙara gani, ragowar yake tsarewa. Da azumi ma kada a ajiye, likita na iya mayar da shi sahur da buɗa-baki.

Yaya Hajjo, Daura: Wanda mahaifinsa ke da shi fa?

Maman Ilham: Yana bin jini, Yaya. 'Ya'ya da 'yan uwa na ciki ɗaya su je awo kowace shekara, kada su jira 40. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina na da sashen ido.