Neman shawara: yaya zan kai sharar gida wurin sake sarrafawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. An buɗe wurin karɓar kayan da ake sake sarrafawa kusa da mu, ina so in fara kai namu maimakon in zuba komai a bola. Na tara robobin ruwa, gwangwanaye, kwalaye da kwalabe a buhu guda, har da tsofaffin batura da fasasshen madubi. Sai na wanke su tukuna? A haɗe zan kai ko sai na ware? Ba na son in sha wahala, ƙarshenta a kwashe su a kai juji.

Wata 'yar uwa: Wa alaikumus salam. Ware su tun a gida, kowane da buhunsa. Ɗaurayewa kawai ta isa, ko da ragowar ruwan wanke-wanke ne, sai ki kife su su tsane. Kwali kuwa ba ya son jiƙa ko maiƙo. Ki yage inda mai ya taɓa, ki ninke sauran.

Wani ɗan uwa: Malama, juya robar ki duba gindinta, akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba daga 1 zuwa 7. Lamba 1, irin ta robar ruwa, da 2, irin ta jarka, su aka fi karɓa. Leda kada ki cusa a ciki, naɗewa take yi a injin tacewa har aiki ya tsaya.

Wata kuma: Ni baturan nan ne suka tayar min da hankali. Don Allah ki fitar da su daga buhun yau ɗin nan. Na lithium, irin na waya, idan aka matse shi ko ya huje yana kamawa da wuta, kuma yana jawo gobara a motocin shara. Ki liƙe bakin kowane da salatif, ki miƙa su hannu da hannu ga ma'aikacin wurin. Madubi da tangaran ma ba sa shiga cikin kwalabe, narkewarsu daban ce, suna ɓata sauran. Gwangwanin alminiyom kam kada ki yar ko ɗaya, sake narka shi yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin ƙera sabo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Murafen robobin fa?

Wani ɗan uwa: Wannan kowane wuri da ƙa'idarsa. Ki tambaye su ranar da kika fara zuwa.