"Ɗan na gada ya fi ɗan na koya": wa ya gaji Rum?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Karin maganarmu ta wannan mako ita ce "ɗan na gada ya fi ɗan na koya." An jefo ta a wata muhawara kan masu cewa su ne magadan daular Rum: Kustantiniyya (Istanbul ta yau) da ake kira Rum ta biyu, Mosko Rum ta uku, ga sarakunan Jamus, ga Turkawa. Wanda ya kawo ta ya ce Rasha ce 'yar na gada, saura duk 'yan na koya ne. Ta zauna a nan kuwa, ko an ɗora mata kayan da ba nata ba?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. An ɗora mata, Baban Ummi. Wannan karin magana ta sana'a ce. A bakin maƙera ake jin ta, da wanzamai, da masu ɗori. Yaron da ya tashi yana zuga wa ubansa tun yana ɗan shekara biyar, ido kawai zai kai wa ƙarfe a wuta ya san ya isa duka ko da saura, abin da almajirin da ya shigo da gemunsa zai shekara yana lalube. Abin da take aunawa ke nan, gwaninta. Ba ta faɗi wanda zai mallaki maƙerar in uban ya rasu ba, alhali rigimar magadan Rum duk a kan mallaka take. Ni da "kama da wane ba ta wane" zan auna su.

Sannan a cire Kustantiniyya daga layin magada. Sarki Kustantin ya ƙaddamar da ita a 330, taron malaman Kirista na 381 ya kira ta Sabuwar Rum a rubuce. Da jagoran soja Odowakar ya tuɓe sarkin ƙarshe na ɓangaren yammacin daular a 476, can ya aika kayan sarautar, wurin Sarki Zeno. Daular ba ta ƙare ba sai a 1453. Maigida ne ya koma wani sashe na gidansa da ɗaya sashen ya rushe, mutum kuwa ba ya gadon kansa.

Hajiya Maman Fa'iza: Na ƙara wa Malam hujja ɗaya da muka fi kowa saninta. Rumawan da ke cikin Suratur Rum, waɗanda Farisa ta ci sannan suka rama, mutanen Kustantiniyya ne. Hirƙal da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa a matsayin babban Rum, can yake sarauta, daga 610 zuwa 641. Su da bakinsu Rumawa suke kiran kansu. Sunan "Bizantiya" da ya cika littattafan makaranta wani masani Bajamushe ne ya yaɗa shi a 1557, daular ta fi shekara 100 a kabari.

Kawu Ilu: Hajiya, Turawan yamma ba su yarda ba tun a lokacin, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suka ce wane irin Barume ne wannan, ba ya jin Latin sai Girkanci, birnin Rum ma ya kuɓuce masa? Dubi yadda suka shirya abin. A 797 Sarauniya Irin ta Kustantiniyya ta sa aka makantar da ɗanta, Kustantin na 6, ta hau mulki ita kaɗai. Bangaren Fafaroma suka ce mace ba ta riƙe wannan sarauta, ke nan gadon sarauta babu kowa a kai. Ranar Kirsimeti ta shekarar 800 Fafaroma Liyo na 3 ya ɗora wa Sharlaman, sarkin Farankawa, kambi a cocin Bitrus da ke birnin Rum. Gabas suka yi ta ja har 812, sannan jakadunsu suka amince su kira shi babban sarki, amma suka haɗiye kalmar "na Rumawa." A 968 kuma Fafaroma ya rubuta wa sarkin Kustantiniyya yana kiransa "sarkin Girkawa," sai aka jefa masu kawo takardar a kurkuku. Kalma ɗaya fa.

Daga naɗin Otto na 1 a 962 sarautar ta zauna a hannun Jamusawa. Dokar 1356 ta ƙayyade masu zaɓen sarki bakwai: manyan limaman coci uku na Mainz da Tiriya da Kolon, sai sarakuna huɗu na Bohemiya da Falatinet da Saksoni da Barandenbag. Duba jerin da kyau, babu ɗan birnin Rum ko ɗaya. Haka aka tafi har 6 ga Agusta 1806, ranar da Faransis na 2 ya ajiye kambin saboda matsin Nafoliyon.

Malam Ɗanjuma: To ai ka kawo min shaida ne, Kawu. Kama ce. Kuma takardar da fadar Fafaroma ta daɗe tana dogaro da ita, wai Kustantin ya ba Fafaroma ikon yamma kyauta, ta jabu ce. Lorenzo Valla ya tone ta a 1440 ta hanyar harshe: Latin ɗin da ke cikinta ba na zamanin Kustantin ba ne, akwai kalmomi da muƙaman da Rum ta wancan ƙarni ba ta san su ba. Kamar a kawo maka takardar gona ta zamanin Sarkin Kano Rumfa ka tarar an rubuta kuɗin da naira.

Malam Na-Alƙali: Allah gafarta Malam, tunda gado ake ta ambata, bari mu ɗora da'awar Mosko a kan ma'aunin da muka sani, don gwaji kawai, tunda su ba da shi suke aiki ba. Sarkin Kustantiniyya na ƙarshe, Kustantin na 11, ya mutu ranar 29 ga Mayu 1453 bai bar ɗa ba. Ƙaninsa Tomas ya bar 'ya'ya, cikinsu akwai Andiriyas da Zowi, wadda aka fi sani da Sofiya. Ita Iban na 3 na Mosko ya aura a 1472. A ilimin rabon gado 'yar ɗan'uwa tana cikin zawil arham, wato dangin da ba su da kaso in akwai magada, ɗan ɗan'uwa shi ne asaba, mai kwashe abin da ya rage. Ke nan ko da sarauta gona ce, Andiriyas ya fi Sofiya haƙƙi a kanta.

Me Andiriyas ya yi da ita? Talauci ya ci shi a birnin Rum, ya sayar wa Sarkin Faransa Sharl na 8 haƙƙinsa a 1494. Da ya zo mutuwa a 1502 kuma ya yi wasiyya da wannan haƙƙin dai ga Fadinan da Isabela na Sifen. Abu ɗaya, an sayar an kuma yi wasiyya da shi, mai shi kuwa bai taɓa riƙe ko taki ɗaya na ƙasar ba. Jinin Sofiya ma ya yanke daga gadon Mosko a 1598 da mutuwar Fiyodo na 1. Gidan Romanob da ya hau a 1613 ba daga tsatsonta yake ba.

Hajiya Maman Fa'iza: Malam, ka karya ƙafar da ba a kanta Mosko ta tsaya ba. Auren ƙari ne kawai, asalin da'awar ta addini ce, kuma tana da matakai. A 1439 a Fulorens sarkin Kustantiniyya ya amince a haɗe cocinsa da na Fafaroma don a taimake shi a kan Turkawa. Mosko ta ƙi, a 1448 ta naɗa nata shugaban coci ba tare da neman izini ba. Da birnin ya faɗi bayan shekara biyar sai suka ce ga sakamakon sayar da aƙida. Gaggafa mai kai biyu ta bayyana a hatimin Iban na 3 a 1497. A shekarun 1520 wani rahibi na Feskob a Rasha, Filofe, ya rubuta cewa Rum biyu sun faɗi, ta uku tana tsaye, ta huɗu ba za a yi ba. A 1547 aka naɗa Iban na 4 da laƙabin Tsar, wato Kaisar, a 1589 kuma Mosko ta sami nata babban shugaban cocin Otodoks.

Abin da masu jawo maganar Filofe suke mantawa shi ne wa'azi ce. Yana gaya wa sarki cewa in ya bari addini ya lalace a hannunsa babu wani wuri da ya rage. Karin maganar da ta dace da wannan ita ce "gadon gida alala ga rago." Sai a ƙarni na 19 marubuta suka tono ta suka mai da ita kirarin mamaye ƙasashe.

Kawu Ilu: Duk kun kauce wa wanda ya zauna a kan kujerar da kansa. Sarautar Rum ba a taɓa yi mata dokar gado daga uba zuwa ɗa ba. Abu uku ake nema: soja su ɗaga ka, majalisa da jama'ar birni su amsa, ka riƙe birnin. Shi ya sa manomi kamar Jastin na 1 ya hau a 518, mai kula da dawaki kamar Basil na 1 ya hau a 867. Da wannan ma'auni sarkin Turkawa Muhammadu Fatihi ya fi kowa hujja. Ya ci birnin bayan kewaye na kwana 53, ya ɗauki laƙabin Kaisar na Rum, ya mai da birnin fadarsa, a farkon 1454 ya naɗa Janadiyos shugaban cocin Otodoks kamar yadda sarakunan da suke yi. Jikokinsa sun ɗauki abin da gaske: sun ƙi kiran sarkin gidan Habsbag, mai riƙe da kambin Jamusawa, Kaisar, sarkin Biyana ko na Sifen suke ce masa, sai a yarjejeniyar 1606 suka sassauta. Sunan Rum ma ya riga Fatihi shiga bakin Turkawa. Saljuƙawan Konya daular Rum ake kiran ƙasarsu, daga nan Jalaluddin Rumi ya samo laƙabinsa.

Malam Ɗanjuma: Wanda ya fasa ƙofa ya shiga gida ba a ce masa magaji, Kawu. Mai gida na yanzu, i.

Kawu Ilu: Rabin sarakunan Rum ta ƙofar da suka fasa suka shiga, Malam. In ka kore shi da wannan, ka kori su Basil tare da shi.

Na-Maraɗi: Wannan ja-in-ja ba baƙo ba ne a wurinmu. Da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya kafu a Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can, ga kuma Sarkin Katsina a birnin Katsina. Haka mutanen gidan Makau da suka bar Zariya suka kafa Abuja ta da, Suleja ta yanzu, suna riƙe da sunan Sarkin Zazzau. Ɗaya ya tafi da jini da suna, ɗaya ya riƙe ganuwa da kasuwa. Bambancin da Rum shi ne can kayan sun fi yawa, masu ɗiba ma sun fi yawa: Fafaroma ya riƙe tsohon birni da Latin, Jamus ta ɗauki laƙabi, Girkawa suna da harshen gabas, Mosko ta ɗauki aƙida da gaggafa, Turkawa suka zauna a fada. Saboda haka ban yarda da "kama da wane" ɗari bisa ɗari ba. Ana faɗinta ga wanda ba shi da komai na wane sai fuska. Waɗannan kowa da abin da ya fito da shi daga gidan a hannu.

Hajiya Maman Fa'iza: Akwai wanda ta dace da shi cif. Musolini, shugaban Italiya, ya tsaya a barandar fadarsa a Rum ranar 9 ga Mayu 1936, kwana huɗu bayan sojansa sun shiga Adis Ababa, ya shelanta cewa daula ta dawo kan tuddan Rum. Ya kwaikwayi tambari da gaisuwa da gine-gine, ya rusa unguwanni don ya fitar da titi zuwa tsohon dandalin wasa na Kolosiyam. A 1941 Sarkin Habasha Haile Selasi ya koma gadonsa. Shekara biyar. Ga shi a cikin birnin Rum ɗin kansa yake zaune, amma kayan aro ba su rufe katara ba.

Baban Ummi: To Malam Ɗanjuma, ta farkon mun jefar da ita ke nan?

Malam Ɗanjuma: A'a, akwai inda za ta shiga in an mai da ita gidanta na sana'a, sai dai a nan juyewa take yi. Sana'ar Rum da ta fi daɗewa ita ce shari'a. Sarkin Kustantiniyya Jastiniyan ya sa aka tattara dokokin tsakanin 529 da 534. Yamma ta manta da mafi yawansu har ƙarshen ƙarni na 11, lokacin da malamai a Bolonya ta Italiya suka zauna suna karanta su layi-layi suna rubuta sharhi a gefen shafi, kamar yadda ake yi wa littafin fiƙihu a zaure. Daga nan abin ya bi jami'o'in Turai, ya shiga kundin dokar Faransa na 1804, wanda ta hanyar mulkin mallaka ya iso har kotunan Nijar. Waɗannan 'yan na koya ne tsantsa, babu mai kambi a cikinsu. Duk wanda zai kawo karin maganar a wannan batu sai ya shirya amsa wannan.

Malam Na-Alƙali: Wata 'yar gyara kafin a rufe. Na ga wasu suna rubuta "kama da wane ba wane ba ne." Ma'ana ɗaya ce, amma ta bakin tsofaffi ita ce "ba ta wane," wato kamar ba ta yin wane, "ta" ɗin ga kama take komawa. Na-Maraɗi, ku a can wacce kuke faɗi?

Na-Maraɗi: "Ba ta wane" muke cewa, Malam. Ɗayar a rediyo aka fi jin ta.