Neman suna: ɗan koren abin nan da ke rufe saman ruwan kifi

Mai Gilashin Kifi:
Assalamu alaikum jama'a. Suna nake nema, kuma asara ce ta koro ni nemansa.

Ina da akwatin gilashi na kifin ado a falo, mai cin ruwa lita 120, da ɗan tafkin siminti a tsakar gida inda na zuba karfasa. Kwanakin baya na sayo tsiron ruwa wurin wani mai sayar da kifin ado, ashe a jikin saiwar akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ganyaye kore a maƙale, ba su fi shida ba. Na gan su sarai, na ce me wannan zai yi. Shi ne abin da Turawa ke kira "duckweed". Kafin wata ya zagayo ya ci rabin saman ruwan. Sai tafiyar Sallah ta kama ni, na buga wa ƙanena waya daga hanya na ce, "Ka kwashe kainuwar nan da ta cika saman gilashi." Yaro ya je ya tsame min kainuwa ta gaske guda uku, waɗanda na yi wata biyu ina lallaɓawa saboda 'ya'yan kifi na ɓuya a saiwarsu, ya watsa a shara, ya bar ɗan koren abin yana ta sha'aninsa. Na dawo bayan kwana goma na tarar da saman ruwa a rufe ruf kamar an shimfiɗa koren bargo. Fitila na ci amma ƙasa duhu, tsiron da na dasa a yashi duk ya yi rawaya ya fara ruɓewa. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya ce, "Yaya, ai kainuwa ka ce." Na ja bakina na yi shiru.

To me za mu kira shi? Ni dai ba na son in dinga cewa "dokwid", harshena ma ba ya so.

Ɗan Sabon Gari:
Meye abin wahala? Dok agwagwa, wid ciyawa. Ciyawar agwagwa. An gama, a wuce wurin.

Hajiya Mai Kaji:
Agwagina dai kam suna sonsa, in na zuba musu a daro har rige-rige suke. Amma ɗana, agwagwa me ta bari? Ta ci dusa, ta ci tsutsa, ta ci ƙanzo. In ka ce wa yaro ya ɗebo ciyawar agwagwa, bakin lambatu zai nufa ya yanko maka duk abin da ya gani. Kuma abin nan ba shi da kamar ciyawa ko kaɗan, ba kara, ba tsayi, a kwance yake a kan ruwa.

Baba Masunci:
Wa'alaikumus salam. Jikana ke rubuta min. Mu a fadama in muka ga kore ya rufe kududdufi, gansakuka muke cewa mu wuce, don ba ruwanmu da shi sai in ya cika mana koma. Amma na san wanda kake nufi, yaro. Wanda in ka tsoma hannu ka fito, yake manne maka a gashin hannu har gwiwar hannu, ka yarfa ya ƙi fita sai ka ɗauraye. Wannan ba gansakuka ba ne a gaskiya. Gansakuka santsi gare ta, zare-zare take, in ka danƙa ta narke maka a hannu. Shi wannan ɗai-ɗai yake, kowane da ɗan gashinsa a ƙasa.

Malam Mai Alli:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Ɗan gashin nan saiwa ce. Abin da masana tsirrai ke kira Lemna tsiro ne cikakke, har fure yana yi, sai dai furen ya yi ƙanƙanta kuma ba kasafai yake fitowa ba. Gansakuka kuwa ba saiwa, ba fure. Don haka a cire ta daga lissafi.

Ni shawarata a ce masa 'yar kainuwa, kuma ina da hujja. Kainuwa ita ce Pistia stratiotes, haka Dalziel, wani Bature masanin tsirrai, ya rubuta ta a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. A rabon dangi na masana, kainuwa da Lemna gida ɗaya suke, dangin Araceae, wanda gwaza ma a cikinsa take. Ke nan in muka ce 'yar kainuwa ba mu yi ƙarya ba, 'yan uwa ne na jini. Ga shi sunan ya zauna a baki, kowa ya san kainuwa dashen Allah, kowa ya san a saman ruwa take yawo ba ta kafa saiwa a ƙasa.

Mai Gilashin Kifi:
Allah ya gafarta Malam, hujjar ta yi ƙarfi, ban ma san da zancen gwazar ba. Amma ka tuna abin da ya kawo ni. Duk sunan da ke da kainuwa a ciki, ƙanena zai sake yi min ɓarna. Kuma kainuwa tana da 'ya'yanta na kanta: uwar takan miƙa wani ɗan siririn hannu a kan ruwa, ƙaramar kainuwa ta fito a ƙarshensa, ta girma ita ma ta miƙa nata. Waɗannan su ne 'yan kainuwa. In muka ba wa wani tsiro sunansu, mai saye zai ɗauka in ya yi haƙuri abin zai girma ya zama kainuwa. Ba zai zama ba har abada, yawa kawai zai yi.

Malam Mai Alli:
Na karɓa. A aji zan ci gaba da faɗin dangantakar, amma a bakin tafki sunan zai rikita mutane.

Tunda ka ambaci yawa, bari in nuna wa masu ganin wasa ne. Ba ya jiran iri. Kowane ganye yana tsiro da wani a gefensa, su rabu, kowanne ya sake. In ya samu haske da ɗumi da ruwa mai kashin kifi, yakan ninka kansa cikin kamar kwana biyu zuwa uku. Mu ɗauka kwana biyu: ninki goma ke nan cikin kwana 20, wato cokali ɗaya ya zama cokali 1,024. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, kwana biyu kafin ya rufe ruwa gaba ɗaya, rabi kawai ya rufe, kwana huɗu kafin nan rubu'i. Kana kallo kana cewa da saura.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar da Faransanci muka san shi, "lentille d'eau", kuma wani abokina da ya yi karatu a Sudan ya ce Larabawa ma adas na ruwa suke ce mishi, wannan ɗan waken mai faɗi da suke miya da shi. Kun ga su ba su bi ta kan agwagwa ba, ƙwayar da ke cikin tukunyarsu suka duba suka ga ta yi kama da shi. Mu adas ba cimarmu ba ce. Sai mu duba tamu ƙwaryar, wace ƙwaya ce ƙarama, mai faɗi, mai ɗan tsini a gefe guda, wadda in ta zube ba ta tsintuwa?

Hajiya Mai Kaji:
Riɗi! Wallahi riɗi. Duk wadda ta taɓa wanke riɗi za ta yi kantu ta san yadda yake taso wa saman ruwa ya manne a hannu da gefen ƙwarya, ki yi ta fama. Abin da Baba ya faɗa ke nan sak. Riɗin ruwa.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya kin riga ni. Sai dai mu nome muke cewa, don haka in kun ji nomen ruwa daga wajenmu kada ku ce mun ɓata muku suna.

Ɗan Sabon Gari:
Ni fa ban yarda ba. Gobe wani zai ji riɗin ruwa ya zata mai ake matsewa a jiki, ko ya ce a soya masa. Suna ya kamata ya faɗi gaskiyar abu.

Malam Mai Alli:
Ɗan'uwa, karen ruwa kare ne? Gwandar daji gwanda ce? Haka Hausa take raɗa suna tun fil azal: a ɗauki abin da aka sani, a jingina shi da wurin da sabon yake zaune, mai ji ya gane kama ake nufi. Kuma zancen ci da ka kawo da wasa, akwai ƙanensa da ake kira Wolffia, wanda ba shi da saiwa ma sam, girmansa wajen milimita ɗaya, shi ne mafi ƙanƙantar tsiro mai fure a duniya. A Tailan da Lawos cin sa ake yi, ƙwan ruwa suke ce masa da harshensu. In wancan riɗi ne, wannan sai mu ce accar ruwa, tunda acca ta fi riɗi ƙanƙanta.

Hajiya Mai Kaji:
Malam a bar mu da ɗaya tukuna, kada mu cika wa kanmu baki. Ita azola ma, wancan ɗan tsiron saman ruwa da masu kaji ke nomawa a leda yanzu, a bar ta da sunanta, ta riga ta shiga bakin mutane. Abin da nake so masu kiwo su sani game da riɗin ruwa shi ne, in aka shanya shi ya bushe yana da furotin sosai, yakan kai kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari gwargwadon ruwan da ya tashi a ciki. Amma ɗanyensa kusan duk ruwa ne, bokiti guda in ya bushe sai ki ga ɗan abin da ya rage. Ƙari ne a kan abinci, kada wata ta daina sayen dusa ta ce ni na ce.

Baba Masunci:
Sunan ya yi, na ji shi a kunnena. Amma ku saurara, ku masu kifi a gilashi. Duk abin da kuka kwashe, kada ku zuba a lambatu ko rafi. Ku shanya a rana ya mutu, ko ku ba kaji, ko ku binne a gindin shuka. Mu mutanen Haɗeja da Nguru mun ga abin da tsiron ruwa ke yi in ya samu wuri. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza, kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu ruwan da ba ya ƙafewa, ta toshe hanyoyin da muke bi da jirgi, ta ci gonaki, tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana yana tashi daga nan ya faɗa wa shinkafa. Ita kacala ma ta gida ce, ba wanda ya kawo ta. Ina ga baƙo?

Ɗan Maraɗi:
Baƙon ma muna da shi, Baba. Wannan mai shuɗin fure da kumburarren wuya, da Faransawa ke kira "jacinthe d'eau", asalinsa daga Kudancin Amurka ne, kuma kyan furensa ne ya sa mutane suka yi ta yawo da shi suna sakawa a tafkunan ado. Ya shigo ruwan Legas ta Badagiri a 1984, yau ga shi a kogin Kwara, in ka tsaya a gadar Kennedy a Yamai lokacinsa za ka ga yana wucewa tsibi-tsibi. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi tun 2016. Shi ma yana buƙatar suna, don na ji masu ce mishi kainuwa, alhali kainuwa ba ta da wannan furen.

Mai Gilashin Kifi:
Wannan a buɗe masa nasa zaren, don na ga alama sai an kai ruwa rana. Na nan dai mun tsaya a kan riɗin ruwa, 'yan uwanmu na Nijar da Sakkwato su ce nomen ruwa. Ɗan Sabon Gari, ka yi haƙuri, an fi ka yawa.

Ga wanda ya shigo don abin ya dame shi: ban kawar da shi duka ba, don yana shanye amoniya da naitiret ɗin da kashin kifi ke haifarwa, ruwan ya fi daɗewa bai ɓaci ba. Abin da nake yi, duk bayan kwana uku ina bi da abin tace shayi in kwashe, ba na barin ya wuce sulusin saman ruwa. Na lanƙwasa siririn tiyo na haɗa bakinsa ya zama zobe, na ɗora a kan ruwa, cikin zoben ya zama fili inda nake zuba abinci haske kuma ya shiga. Ba ya son ruwa mai motsi, don haka na ɗaga bakin famfon tacewa yana kaɗa saman. Wanda na kwashe kuma tafkin tsakar gida nake kai wa, karfasa ba sa barin ko ɗaya ya kwana.

Jiya da daddare na gwada sunan a kan ƙanena, ban nuna masa komai ba, na ce, "Je ka rage riɗin ruwan nan." Ya tsaya gaban gilashi ɗan jim, ya yi dariya, ya tafi kicin ɗauko abin tace shayi.

Hajiya Mai Kaji:
To madalla. In ya sake yi maka yawa kada ka ba karfasa duka, ɗana, ka cika min galan ɗaya zan aiko yaro ranar Asabar.