Ina karanta Littafi Mai Tsarki amma hankalina bai kwanta ba, a ina nake kuskure?

Mai tambaya: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Almasihu. Sau uku ke nan ina ɗaura niyyar karanta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe, kowane karo sai in maƙale a Littafin Firistoci. Yanzu buɗewa kawai nake yi duk inda hannu ya faɗa, in karanta aya biyu ko uku, in rufe. Barci ba ya ɗaukata sai wajen ƙarfe biyu na dare. Abokina yana bina bashi wata takwas ke nan, har na daina ɗaukar wayarsa. Ni da yayana ba ma ga maciji tun rabon gadon mahaifinmu. A wurin aiki ni ke rubuta lissafin kaya, kuma sau biyu maigidana yana sa ni in ƙara kuɗi a rasit, na kuwa ƙara. Ina so in sami salama, in zauna da mutuncina. Daga ina zan fara karatu, kuma yaya ake yinsa ya amfani mutum?

Malamar makarantar Lahadi: Ɗan'uwa, maƙalewa a Littafin Firistoci ba abin mamaki ba ne. Farawa sura 50 ce, Fitowa 40, yawancinsu labari ne mai jan mutum. Mai karanta sura uku a rana zai gama su cikin kwana 30, sai ya faɗa cikin ka'idodin hadaya, da dokokin tsarki, da yadda firist zai duba cutar fata. Ba a fahimtar waɗannan da kyau sai an haɗa su da Ibraniyawa 9 da 10, don haka a ajiye su tukuna.

Ka fara da Markus. Sura 16 ce, ita ce mafi gajarta cikin Bishara huɗu. Kada ka ɗauki sura guda a zama ɗaya, ka ɗauki labari guda, aya goma zuwa ashirin, inda ƙaramin kan magana ya fara zuwa inda ya ƙare. Minti ashirin sun isa. Addu'a gajeriya, sai ka karanta wurin sau biyu, na biyun da murya, domin ido yana tsallake abin da baki ba ya iya tsallakewa. Sa'an nan ka amsa tambaya uku a littafin rubutu: me ya faru a nan, me wannan ya nuna game da Yesu, me zan yi yau saboda shi. Ta ukun ce mutane ke ɓatawa. Sai ka ga an rubuta "zan ƙara bangaskiya". Wa zai iya auna wannan da yamma? Ka rubuta abin da ke da suna da lokaci, kamar "zan kira wane kafin ƙarfe shida".

Littafi na takarda ya fi na waya ga mai irin damuwarka, saboda saƙonni suna shigowa su raba hankali. In na waya kake da shi, ka kashe intanet kafin ka buɗe.

Wani matashi: Ni dai a ganina tsarin shekara ɗaya ya fi, yana hana mutum yawo. Sura 1,189 ce gaba ɗaya, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Sura uku kowace rana, biyar ran Lahadi, 23 ke nan a mako, cikin mako 52 an gama har da ɗan saura. In ya yi nauyi, Sabon Alkawari kaɗai: sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, daidai 260.

Wani dattijon ikilisiya: Lissafinka daidai ne, yaro, amma ba maganin ciwon wannan ɗan'uwa ba ne yanzu. Wanda ba ya barci in ka ɗora masa sura 23 a mako, ranar da ya tsallake kwana huɗu ya sami sabon bashi a kan na da. Tsarin nan zai yi masa amfani nan gaba.

Ɗana, kai da kanka ka faɗi abin da ke hana ka barci, abu uku, kowanne da sunansa. Ka duba Zabura 32:3-5. Dauda ya ce lokacin da ya yi shiru da laifinsa jikinsa ya lalace, ƙarfinsa ya ƙafe, sai da ya furta ya sami sauƙi. Ba ƙarancin ayoyi ke damunka ba. Lamirinka ne ke aiki, kuma aikinsa yake yi daidai. Yakubu 1:22-25 ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi ya tafi ya manta.

Abin da zai ba ka mamaki, littafin da kake gudu shi ne ya yi maganarka. Littafin Firistoci 6:1-7 ya ce wanda ya cuci maƙwabcinsa a kan ajiya, ko ya zambace shi, sai ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan ya kawo hadaya. Lura da jerin, biya na gaba, hadaya na baya. Ba muna ƙarƙashin wannan doka harafi da harafi ba, amma Yesu ya bi wannan jeri a Matiyu 5:23-24: ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

A kan bashin abokinka ga abin yi. Ka zauna ka rubuta ainihin kuɗin, ba abin da kake tsammani ba. Ka duba abin da ke shigo maka a wata, ka cire abin da ba makawa, ka ga nawa za ka iya bayarwa ba fashi. Ka kira shi cikin makon nan, kai ne za ka kira. Ka ce ka yi kuskure da ka ɓoye masa, kada ka jero dalilai. Ka faɗi adadin da ranar wata, ka kuma ba da kason farko a ranar da ka yi magana, ko kaɗan ne. Inda ake faɗuwa shi ne kunya takan sa mutum ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa, wata na biyu ya kāsa, ya koma ɓuya, na biyun kuwa ya fi na farko muni. Ƙaramin adadi da ba ya fashi ya fi. Ba bashin ne ya fi ɓata wa abokinka rai ba, rashin ɗaukar waya ne.

Fasto: Na yarda da Baba, sai dai in ƙara abu ɗaya don kada ɗan'uwanmu ya ɗauka biya ne zai saya masa gafara. Romawa 5:1 ta ce an kuɓutar da mu ta wurin bangaskiya, muna da salama da Allah ta wurin Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wannan an riga an gama. Ka duba Luka 19: a aya ta 5 Yesu ya ce wa Zakka, mai karɓar haraji, zai sauka a gidansa, a aya ta 8 ne Zakka ya tashi ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. Karɓa ta riga biya. Wanda ya juya wannan jeri yakan biya da tsoro, kuma ko ya gama biya ba ya hutawa.

Game da buɗe littafi duk inda hannu ya faɗa, ka daina. Lambobin sura da aya ba su cikin rubutun asali. Surori sun shigo a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551. An sa su ne don sauƙin nema, ba don a riƙa tsinke aya ɗaya kamar ƙwayar magani ba. Misali, kowa na son Irmiya 29:11, inda Allah ya ce nufinsa gare su na alheri ne, amma wasiƙa ce ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika. A ayoyi 5 zuwa 7 an ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Alkawarin gaskiya ne, amma na masu haƙuri ne. Haka Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni, Bulus yana maganar iya zama da ƙoshi da yunwa ne, ka duba aya ta 11 da ta 12.

In ka gama Markus, ka shiga Filibiyawa. Sura huɗu, aya 104, ana karanta ta da murya cikin kamar minti goma sha biyar, kuma daga kurkuku aka rubuta ta. Ka karanta ta duka a zama ɗaya, kowace rana, har mako guda. Sai a lokacin za ka ga cewa 4:6-7, inda aka ce kada a damu da kome, ta zo ne jim kaɗan bayan Bulus ya roƙi mata biyu na ikilisiyar su daidaita tsakaninsu. Ka yi abin da aya ta 6 ta ce a zahiri: takarda, gefe ɗaya roƙo, kowace damuwa da sunanta, ɗaya gefen godiya. Ayar da za ka haddace kuwa 1 Tasalonikawa 4:11-12 ce, zaman natsuwa, kula da sha'anin kai, aiki da hannu, don a yi zaman mutunci a gaban waɗanda ba masu bi ba. Aya ɗaya a mako ta isa, a rubuta a ƙaramar takarda, a maimaita safe da yamma.

Wata uwa daga zumuntar mata: Ɗana, batun yayanka. Matiyu 5:23-24 ta ce in shi ke da magana a kanka, ka je. Matiyu 18:15 ta ce in shi ya yi maka laifi, ka je, ku biyu kaɗai. Ko ta ina aka biyo, kai ne mai tashi. Zuwan farko kada ka ɗauko zancen gado sam. Ka gaishe shi, ka nemi gafara a kan naka kason, maganar da ka faɗa da zafi ko shirun da ka yi, ka tashi. Kada ka ce "in na yi maka laifi", wannan "in" ɗin tana rushe duka. Kada ka bi da "amma kai ma". Kada kuma ka aika da aya ta waya, zai ɗauka wa'azi kake yi masa. In zancen rabon yana bukatar a sake dubawa, wannan zama ne dabam, da mutum ɗaya ko biyu da ku duka kuka amince da su, kamar yadda aya ta 16 ta nuna. Zai yiwu ya ƙi ka. Romawa 12:18 ta san da haka, shi ya sa ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka.

Wani akawu: Rasit ɗin nan shi ne mafi haɗari cikin ukun, domin rubutunka ne a kai. Ranar da aka zo bincike, wanda ya ba da umarni da baki ba ya cikin takarda. Karin Magana 11:1 da Littafin Firistoci 19:35-36 sun yi magana a kan ma'aunin zamba, lamba a takarda kuwa ma'auni ce. Ka rubuta wa kanka ranakun biyun, da ainihin kuɗin, da abin da aka ƙara, ka adana a gida. Ka sami maigidanka shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba, tun kafin ya sake kawo wani, ka ce ba za ka iya sake rubuta abin da ba haka yake ba. Ba zargi, ba barazana, jimla ɗaya. In wani abu ya shigo aljihunka daga ciki, ka mayar. Kafin ka kai maganar sama ko ka furta a rubuce, ka nemi wanda ya san dokar aiki ta inda kake, domin abin da ke biyo baya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kuma ka fara neman wani aikin a hankali, don ba kowane maigida ke haƙura da wanda ya ƙi ba. Gara ka san da wannan tun yanzu.

Wata ma'aikaciyar jinya: Kaɗan a kan barci. Karatu mai nauyi da tunanin bashi na safe ne, ba na kan gado ba. Da dare Zabura ɗaya gajeriya, ta 4 ko ta 131, wayar kuma a ajiye nesa. In ka yi kamar minti ashirin ba barci, ka tashi ka zauna a wani wuri da ƙaramar fitila har sai ya zo. Amma in abin ya kai dare uku a mako har wata uku, ko ka yi mako biyu ba ka jin daɗin kome, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, ka ga likita, na ƙarshen nan kuwa a ranar. Ba rashin bangaskiya ba ne. A 1 Sarakuna 19, da Iliya ya roƙi mutuwa, barci da abinci aka fara ba shi, har sau biyu, kafin Allah ya yi masa magana a dutsen Horeb.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Baba, tambaya biyu. In na tsallake kwanaki, in koma in rama? Kuma duka ukun zan tunkara a mako ɗaya?

Dattijon ikilisiya: Kada ka rama, ka ci gaba daga inda alamarka take. Ramawa ce ke mayar da karatu tsere. Ka nemi mutum ɗaya a ikilisiyarku, wanda ya girme ka cikin bi, ku riƙa haɗuwa rabin sa'a a mako, ya ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin tambaya ta uku, ya tambaye ka ko ka yi.

Ukun kuwa bi da bi. Rasit daga gobe, domin wannan dainawa ce. Abokinka cikin makon nan, bayan ka gama lissafi. Yayanka bayan ka gama mako guda a Filibiyawa, kuma ka je da rana, lokacin da ka san ba shi da baƙi.