Ni kaɗai ne nake kewar yadda ake diraf ɗin NFL a da?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni ga masu bin ƙwallon Amurka, musamman waɗanda suka daɗe a harkar. Ni kaɗai ne zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wato diraf, ya fara fita daga raina ko akwai irina? Wasan kansa bai fita raina ba, har gobe ina bayan ƙungiyar Giants ta Niyok, surutun da ya dabaibaye diraf ɗin ne ya ishe ni wallahi.

Na zo Niyok a 1997, wani abokin aikina ne ya koya min wasan, shi ya fahimtar da ni cewa ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓen yaro daga jami'a, zakara kuma ita ce ta ƙarshe, abin ya burge ni sosai don na ga akwai adalci a ciki. A lokacin ranar Asabar ake farawa da sha biyun rana, a yi zagaye uku a ranar, sauran huɗun sai Lahadi. Kowace ƙungiya minti 15 ake ba ta a zagayen farko, sai ka tashi ka yi alwala ka yi azahar ka dawo ka tarar mutum ɗaya kacal aka kira. Wajen watan Maris nake sayen mujalla guda ɗaya mai sunayen yaran da tsayinsu da nauyinsu da makarantarsu, iyakar abin da na sani kenan. Ranar Asabar in baje ta a tebur da biro a hannu, duk wanda kwamishina, wato shugaban NFL, Paul Tagliabue ya kira in ja masa layi, kafin dare ya yi shafukan duk sun yi baƙi da tawada.

A 2004 na je da kaina, a ɗakin taro na Madison Square Garden aka yi, tikiti kyauta ne amma sai ka yi sammako ka bi layi. Ina zaune can sama aka ce Chargers sun ɗauki Eli Manning a lamba 1, alhali kowa ya san ya ce ba zai buga musu ba. Yaron ya hau dandamali ya riƙe rigarsu fuska a murtuke, ɗaki ya ɗauki ihu ana masa eho. Mu 'yan Giants jikinmu ya yi sanyi, da aka zo lamba 4 kuma muka ji an kira mana Philip Rivers, wani dattijo kusa da ni ya dafe kai kawai bai ce komai ba. Can sai ga Tagliabue ya dawo ya ce an yi musaya, Eli ya zama namu. Mutumin da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi, ba wanda ya ciro waya ya duba, daga bakin mutum ɗaya duk muka ji a lokaci guda.

Yanzu fa? Ana gama Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin gasar, a Fabrairu za a fara jero hasashe, wane zai tafi nan wane zai tafi can, kowace tasha da nata, kowane mai fodkas da nasa, wani ma ya sake nasa sau biyar kafin Afrilu. Abin da ya sa na yi wannan rubutun shi ne a na ƙarshen nan ina zaune da ɗana Khalifa, kwamishina bai ko kai ga makirfo ba yaron ya ce Baba ga wanda za mu ɗauka, wai wani ɗan jarida ya riga ya saka a X. To me na zauna jira kenan? Ku gaya min gaskiya, tsufa ne ya kama ni ko da gaske an rage wa abin armashi?

Kawu Idi:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ba tsufa ba ne, amma bari in faɗa maka wani abu ƙanena, zamanin nan da kake kewa mu a wajenmu shi ma hayaniya ne. Ni na zo Shikago karatu a farkon shekarun 1980, a lokacin ranar Talata da safe ake yin diraf, mutane na wajen aiki. ESPN ta fara nuna shi ne a 1980, tashar ma ko shekara ɗaya ba ta cika da kafuwa ba, kuma ba kowane gida ke da kebul ba, mu dai ɗalibai ba mu da shi. Sai washegari ka sayi jarida ka buɗe shafin wasanni ka bi sunaye da ɗan yatsa, an jera su da ƙananan haruffa, zagaye 12 cur. Daga 1977 har 1992 haka ake yi, a 1993 aka mayar takwas, daga 1994 ya tsaya a bakwai.

Kuma asalinsa ma ya fi haka shiru. Na farko a 1936 aka yi, a wani otal a Filadelfiya, masu ƙungiyoyi tara ne suka zauna da sunaye a rubuce a allo. Bert Bell mai Eagles ne ya kawo shawarar, saboda ƙungiyoyi masu kuɗi irin Bears da Giants suna kwashe duk gwanayen yara su bar shi da ragowa. Wanda aka fara zaɓa a tarihi, Jay Berwanger na Jami'ar Shikago, ko wasa ɗaya bai buga a NFL ba, bai ga kuɗin ya kai ba ya kama sana'arsa.

Abin da ni nake kewa shi ne ka san yaro a fili, ba a bakin masu sharhi ba. A 1983 kowa maganar masu jefa ƙwallo yake, shida aka ɗauka a zagayen farko, John Elway a lamba 1, Dan Marino ya zame har 27. A wannan shekarar Bears ɗinmu ta Shikago suka ɗauki wani Richard Dent daga Tennessee State a zagaye na takwas, na ga sunan a jarida na wuce ban ko tsaya ba. Bayan shekara uku ba cika ba shi ne gwarzon Super Bowl ɗin da muka ci a Janairun 1986. A tsarin yanzu zagaye na takwas ma babu shi. Haka Christian Okoye ɗan Enugu da Chiefs suka ɗauka a zagaye na biyu a 1987 daga wata ƙaramar makaranta, Azusa Pacific, ba mu san shi ba sai da muka ga yana ture ƙattai, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar. Irin wannan daɗin na gano mutum da idonka shi ne ya yi ƙaranci.

Ɗan Auta 313:

Kawu da Baba ina gaisuwa, ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku. Ni ban ga zamanin mujalla ba, amma duk labarin da Baban Khalifa ya bayar ai na mutanen Niyok ne kawai, daga 1965 har 2014 a can ake yi, wanda ke zaune a wani gari fa sai dai talabijin. Da aka fara yawo da shi a 2015, Shikago, Filadelfiya, Nashville da sauransu, shi ne irinmu muka samu shiga. Na Detroit na 2024 ina wurin, mutum kusan dubu 775 aka ƙiyasta a kwana ukun, wlh tun la'asar muka tsaya a tsakiyar gari ba wurin saka ƙafa, mutane da yaransu a kafaɗa kowa da shuɗiyar rigar Lions, garin da aka daɗe ana yi wa kallon ya mutu ran nan duk ƙasar shi take kallo, ni wannan ba zan ce an ɓata ba.

Maganar mamaki kuma har yanzu yana nan fa. A daren nan muna tsaye aka ce Falcons sun ɗauki Michael Penix a lamba 8, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan sun ba Kirk Cousins, wanda shi ma mai jefa ƙwallo ne irin Penix, kwantiragin dala miliyan 180, duk filin sai da ya yi wani irin ƙara don ba wanda ya zata. Brock Purdy shi ne na 262 a 2022, na ƙarshe ƙurmus, duk masu hasashen nan suka tsallake shi, a kakarsa ta biyu ya kai 49ers Super Bowl. Kenan duk yawan surutun ba su san komai ba fiye da yadda aka sani a 2000 da aka bar Tom Brady, wanda daga baya ya zama gagarabadau a wasan, har lamba 199. Sannan a tuna zagayen farko na 2007 sama da awa shida ya ci, shi ya sa aka rage zuwa minti 10 a 2008, ni dai ba zan iya wannan zaman ba gsky. Kuma yau yaro yana ƙaramar makaranta zan iya shiga YouTube in kalli wasansa da idona in yanke hukunci da kaina, ba sai wani ya rubuta min layi uku a mujalla ba.

Maman Ilham:

Ni abin da ke damuna daban ne da naku, yaran nake tausayi. Tun da aka mayar da zagayen farko daren Alhamis a 2010 don a samu masu kallo da yawa, abin ya koma kamar fim, kuma fim sai da wanda za a ji tausayinsa. Ana gayyato yaro ɗan shekara 21 ko 22 da uwarsa da ubansa, a sa shi ya ɗinka kwat, a ajiye shi a ɗakin jira da kyamara a fuskarsa. Ko a da an yi, Aaron Rodgers ya zauna awanni a 2005 kafin Packers su ɗauke shi a lamba 24, amma lokacin in an gama an gama. Yanzu Will Levis ya zauna duk daren farko a 2023 ba a kira shi ba, duk sanda aka kira wani sai a hasko shi da danginsa, kafin gari ya waye an yayyanka hotunansa ana ta yawo da su a intanet ana dariya, washegari Titans suka ɗauke shi a lamba 33, wanda ba ƙaramin matsayi ba ne, amma an riga an mayar da shi abin kwatance. Na Shedeur Sanders a 2025 ya fi ɓata min rai, kwana uku ana tattauna faɗuwarsa kamar ba sauran yara sama da ɗari da ake kira, har wani ya samu lambarsa ya buga masa waya yana ƙaryar shi manajan wata ƙungiya ne, kafin Browns su ɗauke shi a lamba 144. Ɗan wani ne fa.

Shi ya sa nake ganin girman Joe Thomas, a 2007 ya ƙi zuwa Niyok ya tafi kamun kifi da mahaifinsa a tafkin Michigan, yana cikin jirgin ruwa aka sanar da shi Browns sun ɗauke shi a lamba 3. Ga kuma tallan caca, tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofa a 2018 sai ka ga har kan wa za a fara kira ana zuba kuɗi. Ɗana yana buga wa makarantarsu ta sakandare, shekararsa 15, ya haddace sakan nawa kowa ya yi a gudun yadi 40 a gwajin da ake yi wa yaran a Indianapolis kafin diraf, ran nan na same shi a tsakar gida da waya yana auna kansa, ya shigo rai a ɓace wai ba shi da sauri. Na rasa me zan ce masa.

Baban Khalifa:

Na gode muku duka. Kawu wallahi ban taɓa sanin ranar Talata ake yi ba a da, kuma labarin Dent ya tsaya min a rai. Ɗan Auta ka yi gaskiya a maganar garuruwa, ni da nake hawa jirgin ƙasa minti arba'in in isa wurin ban taɓa tunanin na nesa ba, na karɓi wannan. Amma na Penix ɗin da ka kawo ai shi ne maganata, kun ji daɗinsa ne don kuna tsaye tare kuka ji a lokaci ɗaya, mu na gida waya ce ke riga talabijin. Maman Ilham Allah ya raya mana su, ki gaya masa Jerry Rice ma ba a yaba saurinsa ba lokacin da 49ers suka ɗauke shi a 1985 daga Mississippi Valley State, kuma har yau ba wanda ya kamo shi a yawan ƙwallon da ya cafe.

Kawu Idi:

Ƙanena in Asabar ɗin da kake nema ce, ba ta tafi duka ba. Rana ta uku har yanzu da sha biyun rana agogon Niyok ake farawa, zagaye na huɗu zuwa na bakwai, ba jan kafet ba kwat, yawancin yaran suna falon iyayensu ne aka kira su a waya. Ni ita kaɗai nake zama in kalla daga farko har ƙarshe, da takarda da biro, wayata kuma tana ɗaki a caji. Ka gwada da Khalifa bana, ka ba shi biron ya riƙa jan layin da kansa.