Daga Sifaniya zuwa Kaulaha a mota: wa ya san hanyar bakin teku?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. A Balensiya nake zaune, kuma na daɗe da burin kai ziyara Fas, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, daga can in wuce Kaulaha a Senegal. Na san jirgi ya fi sauƙi, amma so nake in je da motata in ga ƙasa da idona. Toyota RAV4 ce ƙirar 2012, mai shan dizal, lafiyarta ƙalau. Ni da ƙanena za mu tafi, shi ma ya iya tuƙi. Mun sayi tanti da ƙaramar tukunyar gas, niyyarmu mu riƙa kwana a hanya saboda tsadar otal, mu isa Madina Baye da ke Kaulaha daidai Mauludi. Hamada ce ke ba ni tsoro. Uwargida ma ta ce ba da yawunta ba, wai rairayi zai haɗiye mu. Motar nan za ta iya? A ina ake kwana? Fasfona na Nijeriya ne, ina da katin zama na Sifaniya.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ka gaya wa uwargida ta kwantar da hankalinta, kwalta ce tun daga Tanja har Roso a bakin kogin Senegal, ban da ɗan guntun da ke tsakanin iyakar Maroko da ta Muritaniya. 'Yan Senegal na bin ta da tsofaffin motocin kaya, lodi har saman rufi, ballantana taka.

Daga Aljasiras za ka hau jirgin fito zuwa Tanja, kamar awa ɗaya da rabi. Ka yi ziyararka a Fas, ka dawo ta Rabat da Kazabalanka, babbar hanya ce ta biyan kuɗi har Agadir. Daga Gulmim ƙasa ke fara buɗewa: Tan-Tan, Tarfaya, La'ayun, Bujdur, Dahla, sai iyaka a Gargarat. Duka tafiyar ta haura kilomita 3,000, kuma tsakanin La'ayun da Dahla kaɗai ya fi 500. Dokata ɗaya ce a wannan yanki: in ka ga gidan mai, ka cika tanki, ko da rabi kake da shi. Mai ya fi araha da zarar ka wuce Tarfaya, don haka kafin ka tsallaka Muritaniya ka cika har jarka.

Kada ka yi tuƙin dare, ko ƙanenka ya ce idonsa biyu. Raƙuma na kwanciya a kan kwalta, iska na jibge yashi a gefen hanya, ga manyan motocin kifi da ba sa rage fitila. Da la'asar sakaliya ka riga ka san inda za ka kwana.

Bazazzagi:
Ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba. Kuɗin mai da na fito da inshora da biza, in ka haɗa, ya ishe ka tikitin jirgi zuwa Dakar har da guzuri. Kuma fa dawowa za ka yi ta hanyar nan, hutun aikinka zai kai?

Ɗan Fagge:
Gaskiyarka Malam, na yi lissafin, ba araha nake nema ba. Hutu kuwa na tara shi, ya kai wata guda da ɗoriya.

Mai Shayin Nuwadibu:
Yallaɓai, maganar kwana ita ce ya kamata ka tsaya a kanta, don nan ne mutane ke yin kuskure. Kana ganin fili iya ganinka ba kowa, sai ka ce bari in kauce daga titi in kafa tanti bayan wancan tudun. Daga kudancin Dahla zuwa iyaka kada ka kuskura. An yi yaƙi a nan tsakanin Maroko da Polisario, masu neman 'yancin Yammacin Sahara, daga 1975 zuwa 1991, kuma har yau akwai nakiyoyi binne a ƙasa. Za ka ga alamun gargaɗi a gefen hanya, amma ba ko'ina aka kafa su ba. In ka tsaya kama ruwa ma, ka taka inda sawun taya yake. Haka a ɓangaren Muritaniya: layin dogon da ke ɗauko ƙarfe daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, mai tsawon kusan kilomita 700, arewa da shi ba wurin yawo ba ne.

Abu na biyu, kuma wannan Turawan da ke ba da labarin hanyar ba za su faɗa maka ba, don bai shafe su ba. Daga gaɓar Tan-Tan har Dahla jiragen kwale-kwale ke tashi da masu neman shiga tsibiran Kanari na Sifaniya a ɓoye, shi ya sa sojoji ke da 'yan ɗakunan gadi jere a bakin teku. Baƙaƙen fata biyu da tanti a gaɓa cikin dare, ka san abin da za a fara zato. Ba cewa nake za a cuce ku ba, amma za a tashe ku, a yi ta tambaya. Ka sauƙaƙa wa kanka: ka kwana a sansanin matafiya inda akwai, ko a harabar gidan mai da izinin mai shi, ko ka tsaya a shingen jandarmomi ka gaishe su ka ce nan kake so ka kwana. Yawanci za su nuna maka gefe, wani lokacin har shayi. Katin zamanka da takardun mota su kasance a aljihunka, ba a ƙasan jaka ba.

Sannan kada ka ajiye mota dab da bakin gaɓa wajen Ahfenir, tsakanin Tan-Tan da Tarfaya. Dutsen yana da tsayi, teku kuma ta rarake ƙarƙashinsa, daga sama ba ka gani.

Maman Walida:
Ƙanena, ni da maigida mun bi hanyar, bari in faɗi abin da mazan ba za su tuna ba. Sanyi! Kowa na jin hamada sai ya ɗauki kayan zafi, alhali iskar tekun nan daga arewa take busowa ba hutu, da dare har cikin ƙashi. Raɓa kuma na jiƙa tanti sharkaf kafin asuba. Ku ɗauki bargo mai kauri kowa nasa. Turakun da ke zuwa da tanti ba sa kama yashi, ku nemi dogaye, ko ku ɗaure igiyar a jikin tayar mota, motar kuma ku gitta ta ta tare muku iska. In ta yi tsanani ku kwantar da kujeru ku kwana a ciki, ba abin kunya ba ne.

Girki a fili ba ya yiwuwa sai an kare wutar, in ba haka ba gas ya ƙare shinkafa ba ta nuna ba. Garin kwaki, dabino, ƙuli-ƙuli, sardin na gwangwani da burodi sun fi komai amfani. Kifi kuwa a Dahla da Nuwakshot sai wanda ka zaɓa. Ruwan sha daban, na alwala daban, ga kuma taimama da ƙasaru, Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi. Gidan sauro da maganin zazzaɓi kada su bar jakarku, don kuna kusantar kogin Senegal sauro zai karɓe ku.

Tsohon Direba:
Hajiya ta gama magana. Bari in ƙara ta takardu, don a nan ake ɓata kwanaki, ba a rairayi ba. Mota ta kasance da sunanka. Fasfon Nijeriya na buƙatar bizar Maroko, ka gama da ita tun kana gida, kuma mai shiga fiye da sau ɗaya tunda za ka dawo. Muritaniya ta fita daga ECOWAS tun shekarar 2000, don haka kada ka ɗauka fasfonka zai wuce da kai haka nan, ta intanet ake neman bizarsu yanzu kafin a iso iyaka. Senegal ce kawai ba ruwanka da biza. Inshorar Turai takan kai Maroko in ba a soke Maroko a koren katin inshorarka ba, ta Muritaniya a iyaka ake saye, ta Senegal ma haka. Katin allurar shawara ya kasance cikin fasfo.

Ka buga takarda mai ɗauke da sunanka, lambar fasfo, sana'a, lambar mota da inda ka nufa, ka yi kwafi talatin ko fiye. Fish suke kiran ta. A kowane shinge ka miƙa ɗaya ka wuce, in babu sai ka fito a rubuta da hannu. A Maroko in ka ga allon tsayawa, ka tsaya cak sai an yafito ka. In kana da ɗan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, bar shi a gida, ƙwacewa ake yi.

Iyakar Gargarat da rana kaɗai take aiki. Ka kwana a Bir Gandus, ka yi sammako ka shiga layi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Masa, hattara da kuɗin Muritaniya. A 2018 sun cire sifili ɗaya daga ugiya, amma 'yan kasuwa har yanzu da tsohon lissafi suke faɗin farashi. Wanda ya ce maka dubu, sau da yawa ɗari yake nufi. Ka tambaya tsoho ko sabo kafin ka zaro kuɗi. Daga Nuwadibu zuwa Nuwakshot kusan kilomita 480 ne, garin kirki a tsakiya Shami ne kawai. Wani zai zuga ka ku bi ta gandun Bank Dargen, wurin masunta Imragen da tsuntsaye, ku bi gaɓa in ruwa ya janye. Wurin yana da kyau, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 1989, amma da mota ɗaya ba ɗan jagora, a'a. Ruwa ya dawo ya same ka a kafe, mota ta tafi ke nan.

Mai Shayin Nuwadibu:
Yanzu na sake karanta tambayar. Daidai Mauludi ka ce? A 'yan shekarun nan wajen Agusta zuwa Satumba yake faɗowa, tsakiyar damina ke nan a Senegal, kuma lokacin da zafi ya fi tsanani a Muritaniya. Mashiga biyu ce: Roso, inda ake fito da jirgi, ta yi suna wajen cunkoso da 'yan kamasho, sai madatsar ruwan Jama, wadda ta fi natsuwa amma hanyarta ta ƙasa ce, ta cikin gandun Jawlin. Ruwa ɗaya ya sauka ta zama taɓo. Ga motarka ta kwana biyu, kwastan na Senegal na tsananta wa tsofaffin motoci, mai littafin karne, wato littafin shigar da mota ƙasa na ɗan lokaci, ya fi samun sauƙi, marar shi takardar wucewa ta 'yan kwanaki ake ba shi sai ya je Dakar ya sabunta. Ka haɗa wannan da gaggawar riskar Mauludi, dole ka yi tuƙin daren da aka hana ka. Shawarata ka raba biyu: Mauludi ka je a jirgi, mota kuma tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Madina Baye a buɗe take duk shekara, kuma a lokacin za ka yi ziyara ba turmutsutsu.

Bazazzagi:
To ka ji, ai jirgin dai aka dawo.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun yi magana da ƙanena, mun mayar da tafiyar Disamba. Uwargida ta karanta amsar Hajiya, yanzu cewa take da ita za a je. Saura maganar karne: a Sifaniya wa ke bayarwa, kuma kuɗin ajiyar da suke karɓa ana mayarwa?

Tsohon Direba:
Ƙungiyar masu motoci ta RACE ke bayarwa. Ana mayarwa in ka dawo da mota kuma kowane shafin da aka buga wa hatimin shiga yana da na fita. Ranar fita, kada ka bar iyakar Senegal sai ka duba da idonka an buga. In uwargida za ta bi ku, ku ƙara tanti na biyu da jarkar ruwa guda.